Sarkin Kano Abdullahi Bayero (1881-1953): Sarkin da ya jawo wa birni ruwan famfo tun kafin zuwan kwalara

Yau za mu leƙa Kano ne, birnin da kusan duk wani ɗan kasuwa na jihar Maraɗi ya san hanyarsa. Daga Tasawa, Mayahi, Attantane da sauran garuruwanmu, wake da riɗi da dabbobi suna gangarawa kudu zuwa Dawanau da wasu kasuwanni, atamfa da shadda da kayan koli kuma su hauro daga Kantin Kwari da Kurmi. To amma hanyar da kaya suke bi, ita ce hanyar da cuta take bi. Idan annoba ta sauka a Kano, ba a daɗewa za a ji ɗuriyarta a Maraɗi, idan kuma aka rufe kasuwa ko iyaka saboda ita, mai tallar ƙosai da mai sayar da buhu ɗari duk sai sun ji a jikinsu.

Wannan ne ya sa muka zaɓo tarihin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda Kanawa suka fi sani da Sarki Alhaji. Ya yi shekara 27 a kan gadon sarauta, daga 1926 zuwa 1953, kuma a zamaninsa ne Kano ta samu ruwan famfo, wutar lantarki, asibitin cikin birni da makarantar horar da duba-gari. Mutum ne da ya ga yunwa da annoba da idonsa tun yana hakimi, da ya hau mulki kuma sai aka zuba dukiyar baitulmali wajen gina abubuwan da ke tare cuta tun kafin ta shigo gari.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Abdullahi Bayero a Kano a 1881, a gidan sarautar Sulluɓawa, zuriyar Sarki Ibrahim Dabo wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846. Mahaifinsa shi ne Muhammadu Abbas, ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi. Kamar yadda al'adar gidan take, ya fara da karatun allo a cikin fada, sannan ya ci gaba da karatun littattafai a gaban malaman birni, kuma har ƙarshen rayuwarsa an san shi da son malamai da zama da su.

Ƙuruciyarsa ba ta zo a lokacin kwanciyar hankali ba. Yana ɗan shekara goma sha biyu Yaƙin Basasa ya ɓarke a 1893, tsakanin ɓangaren Sarki Tukur da ɓangaren Yusufawa, aka shafe wajen shekara biyu 'yan gida ɗaya suna gwabzawa, har mulki ya tabbata a hannun Aliyu Babba. A watan Fabrairu na 1903 kuma Turawan Ingila suka ci Kano da yaƙi, suka naɗa mahaifinsa Abbas a matsayin sarki. Daga nan ne aka naɗa Abdullahi Ciroman Kano yana matashi, ya yi hakimci a Dawakin Kudu da Fanisau, sannan Bichi.

Birnin da ya tashi a ciki

Kafin mu ci gaba, ya kamata mai karatu ya san yadda Kano take a wancan lokaci. Birni ne na kasuwanci tun ƙarni na 15, lokacin da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya biyo ta Tasawa da Gazawa da Katsina a farkon 1851 kafin ya shiga Kano, ya ƙiyasta mazauna birnin da mutum 30,000, kuma a lokacin rani idan fatake suka cika gari adadin yakan ninka. Ya yaba arzikin birnin da saƙarsa da rininsa, amma bai ji daɗin ruwan Jakara da ke kwance a gefen kasuwa ba, haka shi ma Clapperton da ya riga shi zuwa a 1824.

Dalili kuwa a fili yake. Da ƙasa ake gina gidajen Kano, kuma a cikin birni ake haƙar ƙasar, saboda haka kowace unguwa tana da kududdufinta. Damina na sauka sai su cika, su zama gidan sauro, nan ake wanki, nan dabbobi ke sha, nan ƙazantar unguwa ke gangarawa. Ruwan sha kuma daga rijiyoyin cikin gida yake fitowa, waɗanda sau da yawa taku kaɗan ne tsakaninsu da masai. Zazzaɓin cizon sauro, gudawa, atini da kurkunu sun zama abokan zama, agana da sanƙarau kuma su zo da rani su yi ɓarna su wuce.

Sai ga jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Cinikin gyaɗa ya buɗe, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka shahara, baƙi suka yi ta kwarara daga Kudu da Arewa. Har gyaɗar ƙasar Maraɗi ta Kano take bi a loda ta a jirgi zuwa Legas. Arziki ya ƙaru, jama'a ta ƙaru, amma rijiya da kududdufi suna nan yadda kakanni suka bar su. Tafiyar da ayari yake yi a wata guda, jirgi ya mayar da ita ta 'yan kwanaki, cuta ma ta samu abin hawa.

Shekarun yunwa da annoba

Shekarun da Abdullahi Bayero ya yi yana Ciroma suna daga cikin mafiya tsanani a tarihin ƙasar Hausa. A 1913 damina ta gaza, aka shiga yunwar da tsofaffi ke kira Ƙaƙalaba, wadda ta kai har 1914. Mutane daga arewa, har da na yankunanmu, suka yi ta tururuwa zuwa Kano neman abin sawa a baki, da yawa suka faɗi a kan hanya.

Ba a gama farfaɗowa ba sai ga annobar mura ta 1918, wadda ta kashe miliyoyin mutane a duniya. Ta sauka Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba, ta biyo layin dogo ta iso Arewa cikin 'yan makonni. An ƙiyasta cewa a Nijeriya kaɗai ta kashe wajen mutum rabin miliyan. Shekara ɗaya bayan haka, a 1919, Sarki Abbas ya rasu, aka naɗa ɗan'uwansa Usman. A farkon shekarun 1920 sanƙarau ya yi ɓarna, kafin tsakiyar shekarun kuma zazzaɓin ƙwarƙwata, wanda ya taso daga ƙasashen da Faransa ke mulka a yamma, ya ratsa lardin Kano ya kashe dubban jama'a.

Hakimi shi ne mai ƙidayar masu biyan haraji, don haka ya fi kowa sanin gidan da aka rufe da ƙauyen da ya watse. A wancan zamani babu allurar sanƙarau, babu maganin mura, babu asibitin da talakan birni zai je. Abin da hukuma take iya yi bai wuce killace marasa lafiya a bukkoki a bayan gari, hana taro da tsare hanyoyi ba. Da irin wannan sani ne Ciroma Abdullahi ya zo gadon sarauta.

Hawansa gadon sarauta

Sarki Usman ya rasu a 1926, aka naɗa Abdullahi Bayero, aka kuma ba shi sanda a farkon 1927. Shekarar tasa ta farko ma ba ta zo da sauƙi ba, domin a 1927 aka yi yunwar da ake kira 'Yar Buhu, saboda a buhuna aka riƙa kawo hatsin da aka ceci jama'a da shi.

Abu na farko da ya canza shi ne tsarin mulkin kansa. Kafin lokacin, manyan bayin sarki su ne ke riƙe da yawancin al'amuran fada. Da matsin lambar Turawa aka rage musu ƙarfi, aka kafa ƙaramar majalisa inda kowane ɗan majalisa yake da aikin da za a tambaye shi a kai. Waziri yana kula da shari'a, Madaki yana kula da hakimai da ƙasa, Galadima yana kula da birni, Ma'aji yana riƙe da baitulmali. Birnin kuma an kasa shi fuska huɗu, gabas, yamma, kudu da arewa, kowace da wakilinta, a ƙarƙashinsu akwai masu unguwanni.

'Yan kasuwa za su fi kowa gane amfanin wannan tsari. Kasuwar da ba ta da sarkin kasuwa, ba ta da shugaban 'yan hatsi ko sarkin fawa, idan rikici ya tashi ba a san wanda za a kama ba. Haka birni yake a lokacin annoba. Mai unguwa ya san gidan da aka yi rasuwa uku a mako guda, ya gaya wa wakili, wakili ya kai wa Galadima, kafin la'asar labari ya isa fada da ofishin likita. Babu waya a hannun kowa, amma labari yana tafiya.

Abu na biyu shi ne kuɗi. Tun zamanin Sarki Abbas aka kafa baitulmali, inda ake ajiye kason Hukumar Gargajiya, wato En'e, daga harajin da jangalin da aka tara. Saboda yawan jama'a da cinikin gyaɗa, baitulmalin Kano ya fi na kowace masarauta a Arewa ƙarfi, kuma an tara rarar kuɗi masu yawa. Muhawarar ita ce me za a yi da su.

Ruwan Challawa

Amsar da aka bayar ita ce ruwa da wuta. A ƙarshen shekarun 1920 aka fara aikin jawo ruwa daga Kogin Challawa da ke kudu maso yammacin birni, wajen Panshekara, aka kafa injinan tura ruwa da na samar da lantarki a can. Aka shimfiɗa manyan bututu har zuwa tankin da aka gina a kan Goron Dutse, daga nan ruwa ya riƙa gangarowa cikin gari da kansa saboda tudu. A 1931 aka buɗe aikin. Har yau akwai ƙofa a ganuwar Kano da ake kira Ƙofar Famfo, sunan da ta samo daga wannan aiki.

Abin lura shi ne, da kuɗin En'e ta Kano aka yi aikin, wato da harajin manomi da jangalin makiyayi da gumin ɗan kasuwa. Injiniyoyin Turawa ne suka tsara shi, amma dukiyar ta talakawan Kano ce, kuma da amincewar sarki da majalisarsa aka fitar da ita. A wancan lokaci garuruwa ƙalilan ne a duk Afirka ta Yamma suke da irin wannan ruwa, yawancinsu kuma na bakin teku ne inda Turawa suka fi zama.

Mai karatu zai iya tambaya, mene ne haɗin bututu da annoba? Da yawa daga cikin cututtukan da ke kashe yara a birni ta baki suke shiga. Ƙwayar cutar tana fita a bayan-gidan marar lafiya, ruwan sama ya wanke ta zuwa rijiya ko kududdufi, wani ya ɗebo ya sha, ko a dama fura da shi, ko a wanke kwanon abincin sayarwa. Idan aka ɗebo ruwa daga nesa da gari, aka tace shi, aka rufe shi a cikin bututu har ya iso unguwa, an yanke wannan zagaye. Kurkunu ma haka yake, ta ruwan tafki yake shiga jiki, ya kwantar da manomi daidai lokacin shuka.

Wani abin mamaki kuma, Sarki Alhaji bai taɓa ganin kwalara a Kano ba. Annobar amai da gudawa da muka sani yau ta shigo Afirka ta Yamma ne a 1970, shekara 17 bayan rasuwarsa, inda ta fara da Gini ta bazu zuwa Nijar da Nijeriya. Ke nan an yi wa birni shinge wajen shekara arba'in kafin ɓarawon ya iso. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.

Asibiti da duba-gari

A farkon mulkinsa, ƙarshen shekarun 1920, aka buɗe asibitin cikin birni kusa da Ƙofar Mata. Ya fara da 'yan gadaje kaɗan, ya yi ta bunƙasa, shi ne wanda aka sauya wa suna zuwa Asibitin Murtala bayan kisan Janar Murtala Muhammad a 1976. Muhimmancinsa shi ne an gina shi a cikin ganuwa, kusa da kasuwa da gidajen talakawa, inda mai ciwo zai iya zuwa da ƙafarsa. A garuruwan hakimai kuma aka riƙa buɗe ƙananan ɗakunan shan magani.

A farkon shekarun 1930 aka kafa Makarantar Koyon Tsafta ta Kano, inda ake horar da duba-gari. Aikinsu shi ne zagaya unguwanni da kasuwanni, su leƙa randa ko akwai tsutsar sauro, su duba masai da kwata da juji, su duba naman da mahauta za su sayar, su kai rahoto idan agana ko sanƙarau ya ɓulla. Tare da su akwai masu yin lamba, wato rigakafin agana, wanda tsofaffinmu da yawa har yau suna ɗauke da tabonsa a dantse.

A shekarun 1930 ne kuma aka tsara wuraren kula da kutare a lardin Kano, irin su Sumaila da Yadakunya, aka bar 'yan mishan na SIM suka riƙa gudanar da aikin jinya. Wannan ba ƙaramar shawara ba ce ga sarkin Musulmi mai kishin addini, domin an san 'yan mishan suna da tasu manufar. An amince musu ne saboda su ke da likitoci da ma'aikatan da suka yarda su zauna da kutare. A 1943 suka buɗe asibitin ido a Kano, wanda har daga Nijar ake zuwa. Ita wannan ƙungiya ce ta buɗe asibitin Galmi a 1950, daga baya kuma ta buɗe na kutare a Danja kusa da Maraɗi.

Inda aka sha wuya

Tarihi ba yabo kaɗai ba ne, dole a faɗi inda aka gaza. Na farko, Turawa kansu suka fara karewa. Sun keɓe unguwarsu a Nasarawa nesa da birni, suka ajiye baƙi 'yan Kudu a Sabon Gari, kuma hidimar da ake yi wa unguwar Turawa ba ɗaya take da ta cikin lungu ba. Na biyu, bututu bai shiga kowane gida ba. Yawancin jama'a a famfon unguwa suke ɗiba, da yawa kuma suka ci gaba da shan rijiyar da suka gada. Ƙauyukan da suka biya mafi yawan harajin kuwa ba su ga ko ɗigo ba.

Na uku, wanda ya fi kowanne wuya, shi ne samun yardar jama'a. Mutane da yawa suna tsoron asibiti, suna ganin wurin Nasara ne da ba a zuwa sai an fid da rai. Wasu suna ɓoye 'ya'yansu idan masu lamba sun shigo unguwa, wasu suna ɓoye mai agana a ƙuryar ɗaki don kada a kai shi bayan gari. Duba-gari kuma ya zama abin tsoro, saboda tara da sammaci, da kuma wasu daga cikinsu da suka mayar da aikin hanyar karɓar na goro.

Ga kuma batun mata. Randa, madafa, rijiya da jinyar yara duk a hannun mata suke, a cikin gida, inda baƙon namiji ba ya wuce zaure. Matar da ke kulle ba za ta je gaban likita namiji ba. Saboda haka aikin tsafta bai kankama sosai ba sai da aka samu mata suka shiga cikinsa, masu iya ɗaga labule su yi sallama su shiga har tsakar gida. A 1930 aka buɗe makarantar 'yan mata ta farko a Kano da goyon bayan fada, a daidai lokacin da aka buɗe irinta a Katsina. Ɗaliban farko kaɗan ne, yawancinsu 'ya'yan gidan sarauta, amma daga irin wannan ƙaramin mafari ne aka samu malamai mata da ungozomomi da ma'aikatan jinya na baya.

A nan ne matsayin sarki ya yi amfani. Umarnin da ya fito daga bakin Joji ko likitan Bature, jama'a na iya yi masa kunnen uwar shegu. Amma idan ya biyo ta fada, ta bakin hakimi da dagaci da mai unguwa da limamin masallaci, ya zama maganar gida. Sarkin da aka san shi da ibada da tsare gaskiya a shari'a, idan ya amince da abu, malamai da attajirai sukan sassauta.

Ingila da Makka

A 1934 Abdullahi Bayero ya ziyarci Ingila tare da Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Gwandu Usman. A 1937 kuma ya tafi aikin Hajji, ya zama Sarkin Kano na farko da ya sauke farali yana kan gado, abin da ya jawo masa laƙabin Sarki Alhaji. A wannan tafiya ce ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ta ƙasar Senegal, haɗuwar da ta buɗe wa Shehun ƙofar Kano, ta kuma ƙarfafa ɗariƙar Tijjaniyya a ƙasar Hausa baki ɗaya.

A zamaninsa aka kafa makarantar horar da alƙalai a Kano a 1934, wadda daga baya ta zama Makarantar Koyon Larabci. A ƙarshen mulkinsa kuma aka gina babban masallacin Juma'a na birni mai hasumiya biyu, wanda duk baƙon da ya je kusa da fada yake gani.

Ƙarshen rayuwarsa

Shekarunsa na ƙarshe ma ba su rasa jarrabawa ba. A 1949 da 1950 sanƙarau ya sake mamaye Arewa, ya kama dubban mutane. Bambancin wannan karo da na shekarun 1920 shi ne an samu ƙwayar magani mai aiki, kuma akwai ma'aikata da ɗakunan magani da hanyar kai rahoto da za a raba ta. An yi asarar rayuka da yawa, amma wanda aka kai da wuri yana da damar tashi.

Siyasa ma ta shigo. A watan Agusta na 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya zama jagoranta, tana sukar zaluncin da ake yi wa talakawa da sunan En'e, na haraji da aikin tilas da kama-karya. A watan Mayu na 1953 aka yi rikicin Kano tsakanin 'yan Arewa da 'yan Kudu, aka rasa rayuka da dama. Sarki ya riga ya tsufa, yawancin ayyuka suna hannun babban ɗansa Ciroma Muhammadu Sanusi.

Allah Ya yi wa Abdullahi Bayero rasuwa a watan Disamba na 1953, yana da shekara 72, aka binne shi a gidan sarki na Nasarawa. Muhammadu Sanusi ya gaje shi. Wani ɗan nasa, Ado Bayero, ya yi sarauta daga 1963 har zuwa 2014. Jami'ar Bayero ta Kano, wadda ta samu cikakken matsayi a 1977, sunansa take ɗauke da shi.

Abin da ya biyo baya

Lokacin da ya rasu, mutanen Kano da kewayenta ba su kai dubu 150 ba. Yau miliyoyi ne. An gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka ƙara ta Challawa da matatar Tamburawa, amma yawan jama'a ya tsere wa bututu, har unguwanni da yawa suka koma dogaro da 'yan garuwa da rijiyar burtsatse. Duk inda famfo ya ƙafe, kwalara takan leƙo da damina.

Batun yarda kuwa ya sake dawowa. A 1996 sanƙarau ya kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. A tsakiyar wannan annoba kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, lamarin da ya kai ga shari'a, aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Zargin da wannan ya haifar yana cikin abubuwan da suka sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama. Sai a 2004 aka ci gaba, kuma aikin bai yi nasara ba sai da aka koma ga sarakuna, masu unguwanni, malamai da mata masu shiga gida-gida, wato hanyar da aka bi tun zamanin Sarki Alhaji. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Agana ta ƙare a duniya tun 1980, kurkunu kuma an tabbatar da ƙarewarsa a Nijar da Nijeriya a 2013.

Mu ma a nan gida mun ɗanɗana. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa aka tayar da tsohon garin Maraɗi daga fadama aka mayar da shi kan tudu. A 2018 kwalara ta ɓulla a yankin Madarumfa kusa da iyaka, ta kama sama da mutum 3,000, ta kashe fiye da 70, ta sake dawowa a 2021. A 2020 kuma kowa ya ga yadda korona ta tsayar da zirga-zirga, kaya suka ruɓe, jari ya karye.

'Yan uwa 'yan kasuwa, musamman iyayenmu mata masu sayar da abinci, wannan tarihi namu ne. Kuɗin tikiti da na rumfa da ake karɓa duk ranar kasuwa, shi ne baitulmalinmu na yau, kuma muna da haƙƙin tambayar magajin gari da shugabannin kasuwa nawa ne daga ciki ya tafi wajen famfo, masai da kwashe shara. Ruwan da ake dama fura da shi, da wanda ake wanke kwano da latas, a tabbatar daga ina ya fito. Idan amai da gudawa ya kama wani, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a garzaya da shi gidan likita, kada a ɓoye don tsoron a rufe rumfa. Idan masu rigakafi sun yi sallama, a fito da yara. A lokacin da gari yake lafiya, ciniki yana tafiya, a lokacin ne ake haƙa masai a gyara famfo.

Allah Ya jiƙan Sarki Alhaji da rahama, Ya gafarta masa kura-kuransa, Ya kare garuruwanmu da kasuwanninmu daga annoba, amin.